Furfurar Baltrus

Chicago, 9 ga Janairu, 1905

Zuwa ga Yayata Ursule,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, sati bakwai ke nan mijina Baltrus ba aiki. Kullum da asuba sai ya je ƙofar mayanka ya tsaya cikin ɗaruruwan maza, heluma, wato shugaban ma'aikata, ya fito ya nuna masu ƙirar ƙarfi da yatsa, sauran a kore su. Mutumin da duk ƙauyenmu ba wanda ya kai shi iya fiɗar saniya, amma da an hango furfurarsa sai a wuce shi. Ba a ko tambayarsa me ya iya.

Abin da ke cin raina 'yata Agota ce. Maƙwabta sun ce in cire ta daga makaranta, a ƙara mata shekaru a takarda, ta shiga cusa nama a gwangwani. Shekararta goma sha uku fa! Na ga hannayen 'yan matan wurin, ruwan gishiri ya cinye su. Mun yanke cewa in wannan satin ya ƙare ba labari, za ta tafi. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Morta

Chicago, 15 ga Janairu, 1905

Yaya Ursule,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki nemi wuri ki zauna, kada dariya ta kayar da ke.

Ran Alhamis na tashi na tarar da Baltrus gaban madubi da gwangwanin man takalmi, ya mulke kai da gashin baki, baƙi wuluk. Na ce, "Sannu ango, wace za a auro mana?" Ya ce, "Ke dai riƙe min fitila, bayan kunne ya rage."

Kin san an ɗauke shi? Heluma ya nuna shi tun kafin samari! Sai dai gogan naki ya manta da tururin ɗakin fiɗa. Ga ruwan zafi, ga gumi, kafin hantsi mai ya narke yana bin fuskarsa har cikin riga. Abokan aiki suka dinga ihu, "Yaro, kanka na yoyo!" Shi kuwa ko ɗagowa bai yi ba, don a wurin nan in ka tsaya share fuska wani ya maye gurbinka.

Can heluma ya zo ya tsaya a kansa. Baltrus ya ce min a lokacin Agota kawai yake gani a ransa. Mutumin ya ɗaga fatun da ya feɗe ɗaya bayan ɗaya yana neman inda wuƙa ta huda, bai samu ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Tsoho, gobe ka zo da kanka na gaskiya."

Baltrus ya dawo gida hannu a kumbure, ko cokali ba ya iya riƙewa. Ni na wanke masa kai, sau huɗu ina sake ruwa, ina dariya ina kuka. Shekara ashirin da aure, ban taɓa son mutumin nan kamar ranar ba.

Gobe Litinin Agota za ta makaranta. Takalmanta dai ba gogewa, ubanta ya ƙarar da man.

Ki gaishe min da Inna da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Morta