Sawun Kekena a Bakin Tabki

Zuwa ga taubashina Arzika,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ko kana da rai ma ba ka karanta boko, kai da kake cewa rubutun da na koyo a karatun manya kamar kaza ta bi ta cikin toka. Amma maganar ta yi mini nauyi a ciki, kuma duk Tawa ba ni da wanda zan faɗa wa in ba kai ba.

Gida lafiya. Habsu ta fita takabarka ana tsakiyar damina, tana nan tare da Gwaggo mahaifiyarka, ba ta koma gidansu ba. Gwaggo idonta ya ƙara raguwa, in ta ji ƙarar keke a ƙofa sai ta kira sunanka, sannan ta tuna. Ɗiyarka Sa'a ta fara ɗaukar tulu. Mamman kuwa tafiyarka ya ɗauko, da ɗan karkacewar nan ta kafaɗa. Gonarka na nome ta tare da tawa, gero ya yi dama-dama. Tabkin garinmu na bayan Affala ya cika bana fiye da bara, yanzu ruwa ya ja baya, kuma sarkin ruwa ya sa ranar su, wato kamun kifin gayya, Asabar mai zuwa. Shi ya sa na zauna rubutun nan.

Ka san dokar tabkin, amma bari in faɗe ta don kada ka ce na ƙara gishiri. Da ruwan sama ya ɗauke, sarkin ruwa zai kafa sanda da farin tsumma a bakin ruwa. Daga ranar ba mai jiƙa komar kamun kifi a ciki sai ranar su, gari duka a shiga tare. Wanda ya riga mutane, a fasa gorar da yake hawa a ruwa a gaban jama'a, kuma shi da kayansa sun bar tabkin ke nan. Mu da muke zaune Tawa, albarkacin kakanninmu ne muke da ƙafa a ruwan.

Ka tuna kekena? Rani biyu na yi ina dako a Kumasi kafin in same shi. Da, kwana muke a hanya da kaya a ka. Da keke ya zo, sai mu tashi da asuba, hantsi ya yi mana a bakin tabki. Ni ke ɗaure kaya. Gora biyu a baya, ɗaya kowane gefe don kada nauyi ya rinjaya. Buhun kifi a naɗe bisa ƙarfen baya. Sandunan koma kuwa sai an bi da su jikin dogon ƙarfen tsakiya, a ɗaga bakinsu sama, a ɗaure wuri biyu. Kai ba ka taɓa haƙurin ɗauri na biyu ba. Wuri ɗaya kake ɗaurewa, bakin sanda ya sunkuya ta hagu yana jan ƙasa. Sau nawa na ce maka za ka cinye sandar a hanya? Sai ka ce ni bawanka ne, aikina ɗauri, naka hawa.

Shekara ta biyu da samun mulkin kai, wata Juma'a da safe, ka zo aron keke. Habsu ba ta daɗe da haihuwar Mamman ba, jikinta ya ƙi daɗi, ba ta cin komi. Ka ce za ka karɓo mata magani wurin wata tsohuwa a Affala. Na ba ka, har na ƙara wa tayar baya iska. Ka dawo da la'asar sakaliya, keke a wanke tas. Kai da ko ƙura ba ka taɓa kaɗe masa ba. Na gani, na ɗauka kirki ne ya same ka da girma.

Bayan kwana biyu anka aiko kirana garinmu. Ka raka ni, ni ke tuƙi kana baya. Munka iske dattawa a bakin tabki sun kewaye wani wuri da ƙaya don kada dabbobi su taka. Sawun keke ne. Tayata ta baya ta taɓa yagewa, baduku ya naɗe wurin da fata ya ɗinke, ko'ina na bi sai ta bar tambari a rairayi, taki ɗaya bayan ɗaya. Har yara sun san shi. Sawun ya gangara har gindin sandar mai farin tsumma, ga ɓawon laka inda anka jawo tarwaɗa. Sunka ce an shiga ne da azahar ɗin Juma'a, lokacin da maza duka sun tafi masallaci Affala.

Su taya sunka gani, Arzika. Ni abin da na gani daban ne. A hagun sawun akwai wani siririn layi da ya bi shi tun daga kan tudu har bakin ruwa, bai yanke ba. Bakin sandar koma ne. Ɗauri ɗaya.

Na ɗago kai na dube ka. Kana tsaye bayan sarkin ruwa, kana gyara hularka. Tsohon ya tambaye ni ko kekena ne, na ce nawa ne. Ya tambaye ni ko ina da abin faɗi. Na yi shiru, don na ɗauka shirun nan wuri ne na bar maka ka shigo. Na ƙirga numfashina ina jiranka. Ba ka zo ba. Anka aiki mutum har Tawa ya ɗauko gorata, wadda baba ya bar mini, wadda cikinsa ya goge bayanta har tana sheƙi. Da taɓarya anka fasa ta. Sau uku, don ta ƙi fashewa da farko.

A hanyar komawa ka karɓi tuƙi, ka ce na gaji. Sai da ka hau na lura ƙafarka ta kai feda ba ka yi miƙa ba. Ka sauke sirdin tun ran Juma'a, ka manta ba ka mai da shi ba. Ni kuma na tuƙo shi tun daga Tawa gwiwata na lanƙwashe, ina ta zancen duniya da kai.

Ka san me? Kifin bai dame ni ba. Da ka zo ka ce mini Habsu ba ta iya haɗiye komi sai romon tarwaɗa, wallahi da ni zan ɗaure maka kayan, ɗauri biyu, in share sawun da reshe. Ko bayan an kama, da ka ja ni gefe ka ce, Illa, ina da mata da jariri, ɗaukar mini wannan, da na ɗauka da hannu biyu. Kaya ne da ban ƙi ɗauka ba. Amma ba ka ba ni ba, ɗora mini ka yi ina kallo, kamar jaki.

Na ce a raina kunya ce, zai faɗa. Na ba ka wata. Na ba ka damina. Su uku anka yi bayan nan kana da rai, kuma duk ukun ni na kai ka. Ni ke ɗaure gorarka da komarka, ni ke tura keke cikin rairayin nan na bayan Affala inda ba ya hawuwa, gumi na shiga mini ido. In mun isa, ka tuɓe ka shiga ruwa da mutane, ni in zauna ƙarƙashin aduwa tare da tsofaffin mata ina gadin takalma. Da yamma in ɗauro buhunka jiƙe, ruwan kifi na ɗiga bisa taya har Tawa. Kana ba ni rabi, ban musa ba. Kana tsammanin abin da nake jira ke nan?

Wanda ya fi ci mini rai shi ne wasan. Mu taubasai ne, ba a fushi da bakin taubashi. To da wannan rigar ka shiga. A majalisar bakin kasuwa, wurin da ake sauraren rediyo, ka fara kirana angon tarwaɗa. Mutane sunka yi dariya, sunan ya bi ni. Yau ko mahauta da shi suke kirana. Na yi ta juya abin. Don kada a zarge ka ne? Ko kuwa ka faɗa har kai ma ka yarda ni ne? Sau ɗaya na ga kamar za ka yi magana, ranar da muke facin taya gindin wata ƙirya, ka kira sunana na gaskiya, ka yi jim. Sannan ka ce in miƙo maka famfo.

Da sanƙarau ya kama ka, bisa keken nan na kai ka likita, na ɗaure ka a bayana da rawani don kada ka faɗi. Kwana huɗu ina gefen tabarmarka. Ran na biyu hankalinka ya dawo sarai. Ka yi mini zancen rumbu, ka ce a gyara wa Gwaggo dannin da ya kewaye gidanta, ka ce komarka ta yage wuri kaza. Na matso da kunnena har ina jin zafin numfashinka. Me ya rage da kake tsoro a lokacin, ɗan'uwa? Wa zai fasa gorar mai mutuwa?

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da anka ajiye ka, liman ya ce duk wanda ke da haƙƙi a kanka ya yafe. Sahu duka sunka amsa. Ni na motsa leɓe ne kawai.

Shekaranjiya na tafi garinmu da niyyar in buɗe wa sarkin ruwa komi. Duk hanya ina jera maganar. Ya tsufa ƙwarai, yana zaune bisa buzu yana saƙa. Kafin in buɗe baki ya ce daman yana nemana. Ya tuna mini al'ada, masunci in ya mutu ya bar marayu, komarsa na shiga su a hannun ɗan'uwansa, abin da ta kama na marayun ne, har ɗansa ya kai shiga ruwa. Ya ce kai ba ka da wani sai ni. Ya ce sun yi shawara, za su ɗaga mini doka rana ɗaya a shekara, ba don ni ba, don mutuncinka. Ya ce mutum irinka, da ya riƙe ɗan'uwa mai abin kunya bai taɓa gudunsa ba, ba a barin ƴaƴansa da kwano wofi.

Na dubi hannunsa yana saƙa. In na faɗa, komarka ta haramta a tabkin, gorarka ta bi tawa, Mamman ya tashi da sunan da nake ɗauke da shi. Gwaggo ta ji wannan da sauran kwananta. Kuma wa zai yarda? Layin da na gani iska ta share shi tun shekara uku, mai shaida ɗaya kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Sai a ce angon tarwaɗa ya koma cin naman mamaci.

Na ce masa na gode.

To ka ji. Asabar zan shiga ruwan da sunanka, tunda nawa ka tafi da shi. Duk abin da komar ta kama zan kai wa Habsu, ko ƙaya ba zan taɓa ba. Haka baɗi, haka baɗin baɗaɗa, har Mamman ya karɓa. Ba zai ji komi daga bakina ba.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta. Wannan ina faɗinta da zuciya ɗaya, kowace salla. Ɗayar kalmar da liman ya nema ce har yau ta ƙi fita. Ina ƙoƙari. Ni na jira ka shekara uku, kai ma sai ka jira ni.

Sai wata rana, inda ba a ɓoye komi.

Ni ne taubashinka,
Illa mai keke, Tawa