Turken Baban Sumayya

Juma'a, 16 ga Nuwamba, 2007

Sanyi ya sauko. Ruwan buta yau kamar zai tsaga mini fata, man suyata ma ya yi barci a galan.

Gobe masunta za su tashi daga Tafkin Gawo. Haka suke yi duk shekara. In sanyi ya kama, kifi ya shige laka ya daina cin tana, sai kowa ya naɗe fatsarsa, ya cire turken da yake ɗaure igiyarsa a bakin ruwa. Kifin ƙarshe kuma a mayar da shi da ransa, a ce an yi sallama da ruwa sai baɗi. Samarin yanzu na cewa bidi'a ce, amma ban ga wanda ya taɓa barin turkensa ba.

Bana turke ɗaya ne ba mai cire shi, na Baban Sumayya. Tun tsakiyar damina ya shiga ruwan nan, aka ga goran da yake hawa in zai shiga ruwa na yawo shi kaɗai. Shi ba a gan shi ba. Ni dai ba a nuna mini gawar mijina ba.

Asabar, 17 ga Nuwamba

Baba Mainasara, sarkin ruwa, ya zo har zaure. Ya ce ba a cire wa mutum turke sai da yardar gidansa, kuma ba a barin igiya a ruwan da aka yi wa sallama.

“'Yata, ki ba mu izini. Kalilu, Allah ya jiƙansa...”

Nan na tare shi. Na ce, Baba, Allah ya jiƙan wa? Kai ka yi masa wanka? Tsohon ya ja takalmansa ya tafi. Na san na yi rashin kunya. Raina ne ya ɓaci.

In aka cire turken nan shi ke nan, gari ya gama binne shi, gobe a ce in shiga takaba. Alhali wani direba ya ce ya ga mai kama da shi a kasuwar Mai'adua. Mutum nawa suka tsallaka Nijar ba sallama, suka dawo da ƙafarsu?

Lahadi, 18 ga Nuwamba

Na yi kitso, na sa kwalli. Mai magana ya yi.

Talata, 20 ga Nuwamba

Munzali, ƙanin mijina, ya shigo da hantsi riƙe da tarwaɗa biyu, manya. Wai tunda na hana a cire turken, Baba Mainasara ya ce dole wani na jini ya riƙa duba igiyar kullum, kada a bar ta ita kaɗai da ruwa.

“Ga rabon gidanki, matar Yaya.”

Na ce kai raggon masunta, da damina ma kifi raina ka yake yi, yau a cikin ɗarin nan ka zama gwani? Da can da tuni ya rama, don bakinsa ba ya mutuwa. Yau ko murmushi. Wandonsa a jiƙe har gwiwa, haƙoransa na kaɗawa.

Na soya. Sumayya ta ci ta lashe hannu, ta ce, “Umma, irin na Baba.” Na ce ta rufe mini baki ta ci.

Alhamis, 22 ga Nuwamba

Kifi jiya, kifi yau. Bakin tafki ba kowa, masunta duk sun watse, wasu lambu, wasu cin rani. Kowa ya san kifi ba ya cin fatsa a wannan lokacin.

Abin da ya tsaya mini a rai: tun ina amarya nake gyaran kifi a gidan nan, kuma kifin fatsa bakinsa a yage yake. Waɗannan bakinsu lafiya lau.

Asabar, 24 ga Nuwamba

Na tsare Munzali. Na ce ka faɗa mini gaskiya, Daura kake zuwa ka sayo, don ka lallashe ni? Ni ba yarinya ba ce.

Ya rantse da Allah. Ya zauna a kan turmi. Sannan ya ce igiyar ba ƙugiya a jikinta. Tun ranar farko babu. Kifin a zarge yake samunsa, igiya ta shiga ta kunne ta fito ta baki, an ƙulle, yadda ake yi in za a kawo gida. Da wuƙa yake yankowa don ya kasa kwancewa.

Ya ciro guntun igiyar daga aljihu ya miƙo mini.

Ƙullin bahago. Duk tafkin nan bahago ɗaya ne, mijina. Kowa in ya ja ƙullin nan ƙara tamkewa yake yi, sai ka murɗa shi baya tukuna. Ban ma san na yi ba, yatsuna ne suka yi, ya warware sumul kamar yadda yake warwarewa duk yamma in ya ajiye mini kifi a bakin murhu.

Munzali ya ce, “Innalillahi.” Ni kuwa dariya na yi, har da hawaye. Na ce ka gani ko? Yana nan!

Lahadi, 25 ga Nuwamba

Yana nan. Wataƙila wani abu ya sa shi ɓuya, ko kansa ne ya ɗan taɓu. Amma bai manta gidansa ba. Na wanke masa bargo na shanya.

Talata, 27 ga Nuwamba

Na tambayi Munzali sawu. Laka ce fa a wurin, ko zalɓe ya taka sai an gani. Ya ce sawunsa kaɗai ne, na shiga da na fita.

To ta ina yake zuwa?

Ban tambaya da ƙarfi ba. A nan kawai na rubuta.

Laraba, 28 ga Nuwamba

Yau rigarsa ce a jiƙe har ƙirji. Na ce me ya kai ka ciki haka, ba daga tudu ake jan igiya ba? Ya ce ba ta jawuwa, kamar an riƙe ta daga can. Sai ya bi ta da hannu har inda kifin yake. Kuma kullum kifin yana ƙara yin ciki. Ranar farko gwiwa, sai ƙugu, yau ƙirji.

Yana tari yana faɗa mini. Na ba shi kunu mai zafi, na karɓi kifin. Na karɓa, Allah ya gani.

Juma'a, 30 ga Nuwamba

Zinariya, matar Munzali, ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba, da goyo a bayanta. Ta ce jikinsa kamar garwashi, amma da an idar da sallar asuba sai ya nufi tafki. Wai ce mata ya yi can ciki ruwan da ɗumi, ya fi ɗaki daɗi.

Na ce ai ba ni na aike shi ba. Ta dube ni, yarinyar da ko ido ba ta haɗawa da ni.

“Yaya Safiya, naki ya tafi. Ki bar mini nawa.”

Na kore ta. Na ce ta fita mini daga gida tun ban yi mata abin da za a ji mu ba. Da ta fita na zauna a ƙasa. Kifin yau yana cikin roba, ban taɓa shi ba. Har la'asar yana motsi.

Asabar, 1 ga Disamba

Yau har wuya, in ji wanda ya hango Munzali daga lambu. Ɗauko shi aka yi.

Litinin, 3 ga Disamba

Jiya ban iya rubutu ba. Ga abin da ya faru.

An kulle Munzali a ɗaki, yana dukan ƙofa yana cewa ana jiransa. Daga gidana ina jiyowa. Na sa hijabi na je wurin Baba Mainasara, na ce ya raka ni. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗauki sandarsa.

Rabona da tafkin tun ranar da aka ga goran. Rana ta fito amma tururi na tashi a kan ruwa, ba ka ganin ɗaya gefen. Ko tsuntsu babu. Ramukan turakun mutane a jere a bakin gaɓa, nasa kaɗai a tsaye, na giginya, da tsagar da ya yi masa da wuƙa.

Na kama igiyar na ja. Kamar ka ja bishiya. Baba ya ce kada in saka ƙafa a ruwa, ko me na ji.

Sai aka ja daga can. A hankali, sau biyu. Kifi fizga yake yi, wannan ba fizga ba ce. Haka mijina yake jan bakin zanina in yana son magana a gaban mutane.

Wallahi na so in shiga. Ruwan da ya taɓo mini yatsun ƙafa da ɗumi yake, Munzali bai yi ƙarya ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na so in shiga.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, Baban Sumayya, mun ƙoshi. Ni da yarinyar mun ƙoshi. Ka bar ƙaninka, yana da goyo. Ka huta haka nan.

Sai igiyar ta saki, har na kusa faɗuwa da baya. Na yi ta ja tana zuwa. A can ƙarshenta tarwaɗa ɗaya, ƙarama, da ranta, a zarge.

Baba ya miƙo wuƙa. Na ce a'a. Na murɗa ƙullin baya, ya warware. Na durƙusa na sa ta a ruwa. Ta ɗan tsaya a tafin hannuna, sannan ta tafi.

Turken kuwa da hannu ɗaya na zare shi. Baba Mainasara ya yi 'yan kalmominsa na sallama ƙasa-ƙasa, ya shafa addu'a. Muka dawo gida.

Laraba, 5 ga Disamba

Zazzaɓin Munzali ya sauka. Wai ya sha koko har ya ce ba sukari. Zinariya ta aiko mini da ƙosai. Ban mayar ba.

Juma'a, 7 ga Disamba

Sanyi ya ƙaru. Turken na bayan ƙofa, igiyar na naɗe ta na rataye. Liman ya aiko ko zai iya zuwa gobe shi da Baba Mainasara mu yi magana. Na ce su zo, zaure ai ba nawa ba ne ni kaɗai.

Ban sa kwalli ba kwana biyun nan. Idona ne ke ƙaiƙayi, sanyi ne.

Igiyar shanya ta tsinke da safe. Sumayya ta hau turmi ta ɗaure, ina kallonta. Ashe da hagu take ƙulli, ban taɓa lura ba. Ta murɗa ta zarga, sak yadda babanta, Allah ya jiƙansa, yake yi.

Na ga abin da na rubuta. Biro ne, ba ya goguwa.