Uban Aro

Laraba da dare, Sokode

Yau da na dawo daga Dapaong na ajiye mota, na biya makarantar ɗana Sadiku in ɗauko shi. Na ce ni ne babansa, direkta ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ai mun san babansa. Duk sanda yaron ya yi fashi muka ce ya zo da uba, shi ke zuwa."

Ashe Garba mai nama na bakin Zongo yake kai musu.

A gida na kasa ko yi masa faɗa, dalili kawai na tambaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, shi kullum yana nan."

Tuwon ma ya ƙi ciwuwa. Ga shi gobe da asuba ina da lodin kaya zuwa Dapaong.