Ganyen da Gwaggo Hajo Ta Ƙi Faɗa

Soron Ɗinki, Kano.

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau, sai Gwaggo Hajo da ƙafa ta hana ta zuwa ko ƙofar gida. Baki dai yana nan da ƙarfinsa.

Dalilin wasiƙar shi ne 'yar wajena Muhsina. Aikin kammala digirinta a kan ganyayen daji ne da ake magani da su, har ta mayar min da zaure kamar rumfar 'yan ganye. Tana auna sinadarin ƙarfe da kalsiyam da ke cikinsu, da wani abu wai shi antioksidan, mai kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Sabarar nan da aka ɗura mana muna kuka, yau ga ta da lamba da sunan Latin. Rannan ta dawo da murna, wai awonta ya nuna ganyen da ya bushe a inuwa ya fi na rana amfani. Gwaggo ta tambaye ta shekara nawa ta yi a makaranta kafin ta gano haka.

To, ka tuna ganyen da Gwaggo take dafa wa masu jego, take kuma ba saniyar da nononta ya ja baya? Malamin Muhsina ya ce shi kaɗai zai bambanta aikinta da na kowa. Na wajen Gwaggo ya ƙare, sunansa kuma ta ƙi faɗa. Ta ce ba a faɗarsa, nuna shi ake yi a inda ya tsiro, mutum ɗaya tak, kuma ita ta riga ta nuna: kai ta nuna wa, shekarar da kake bin shanu bayan Ɗan Agundi. Na je wurin, shaguna na tarar. Na duba littattafaina na kawo mata ganye uku, ta sansana ta ce in koma karatun jarida.

Ni kaina abin ya hana ni sukuni. Me ke cikin ganyen nan? Ƙarfe ne, ko dai yardar da muka yi da ita ce?

Damina na ƙarewa, nan da mako uku ganyen ya bushe a daji. Hoto ta waya bai karɓu ba, amma Gwaggo ta yarda ka zo ka nuna wa Muhsina da hannunka. Na ce mata watakila ka manta, shekara arba'in ba wasa ba. Ta ce in ka manta ma ka zo, ku shiga daji ku tsinko duk abin da ya yi kama da shi, tun hancinta yana aiki.

Ka gaida Nana Hauwa da Mikail. Kulu na gaisuwa, ta gyara maka ɗaki.

Ƙaninka,
Tajuddeen