Rabin Kofin Shayi

Zuwa ga ƙanwata Balbela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, a sama kike ko a ƙasa. Allah ya sa haka, amin.

Wayarki dai ta zama dutse. Na kira har yatsana ya gaji, kullum a kashe. Shi ya sa na koma takarda kamar mutanen da. Zan ba direban motar asibiti ya kai wa maigadin gidanku.

Ki yi ƙarfin hali, Baba ne ba lafiya. Da tari ya fara, muka ce mura ce. Kin san halinsa, bai fasa buɗe shago ba, yana zaune da gilashi a ido yana tonon cikin agogon mutane yana haki. Da aka gwada shi aka ce cutar annobar nan ce. Asibitinmu ya cika, sai aka wuce da shi wurin killacewar da aka buɗe a filin jirginku, a zauren da fasinjoji ke jira. Ba a barin kowa ya shiga. Ni ma da na bi motar, a bakin ƙofa aka tare ni.

Ya hana ni gaya miki. Wai kina jigilar mutanen da annoba ta rutsa da su a ƙasashen waje, kada hankalinki ya rabu a sama. Har ana ɗora shi a mota bai bar tsokana ba, wai in kin sauko kada ki zo masa da shayin nan naki na rowa, rabin kofi. Ni dai na karya masa doka. Filin nan gidanku ne, ba wanda bai san ki ba. Ki nemi wani ya leƙa mana shi.

Ki huta lafiya.

Taki,
Yaya

*

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ke da mutanen gida baki ɗaya.

Direban bai je wurin maigadi ba. A ƙofar kicin ya miƙo min takardarki yana kallon ƙasa, domin ya san inda nake.

Yaya, ban san ta inda zan fara ba. Babu wata jigila. An sallame mu tun da aka rufe sararin sama. A waya aka aiko mana, aka ce mu mayar da katin shaida da kayan aiki. Muka yi layi, har da matuƙan da a da muke miƙe musu tsaye, kowa da rigarsa a leda, ba mai kallon wani. Jiragenmu suna nan a jere ta taga, an ɗaure musu bakin inji da tamfol, tsuntsaye har sun fara sheƙa a jikinsu. Ranar na ɗauki waya zan gaya wa Baba, sai ya riga ni da cewa, "Balbela, yau daga wace ƙasa?" Bakina ya faɗi abin da ya faɗi. Daga nan ƙarya ta yi ta haihuwa, har na gwammace in kashe wayar.

Aikin da na samu a zauren nan ne, inda kika baro Baba. Ni ke raba wa marasa lafiya abinci. Keken da nake turawa ma na jirginmu ne, kamfanin ya ba da su kyauta tunda ba su da amfani. Ana sa mu cikin farar riga tun daga kai har ƙafa, da takunkumi da gilashi, ko uwar da ta haife ka ba za ta shaida ka ba.

Na gan shi. An sa gadonsa dab da ƙofar da nake tsayawa ina yi wa fasinjoji barka da zuwa. Da idona ya faɗa kansa na tsayar da keken a gefensa. Na zuba masa shayi, na juya masa hannun kofin. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya ce, "Na gode, baiwar Allah." Na ja kekena na wuce. In na yi magana muryata za ta tona ni.

Yana cin abinci kaɗan-kaɗan. Ki yafe ni, Yaya. Kada ki gaya wa kowa.

Ƙanwarki,
Balbela

*

Balbela,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Ikon Allah! Watanni ina yi miki addu'ar sauka lafiya, ashe ko tashi ba ki yi ba. Na karanta takardarki na yi kuka, na sake karantawa na ji kamar in zo in ja kunnenki ta cikin farar rigar nan.

Ke kika kawo annobar? Ke kika ɗaure wa jirage baki? Mijina ma tun da aka rufe makarantu yake zaune a gida yana gyaran kujerun da ba su karye ba, wa ya yi masa dariya? Sata kika yi da za ki ɓoye fuska? Mutane suna gudun zauren nan kamar wuta, ke kin shiga kina ciyar da su, sannan wai ke ce mai jin kunya. Abin kunyar shi ne mahaifinki yana ce miki baiwar Allah, kina tsaye a kansa kamar gunki.

Na san abin da ke cin ki. Hoton nan naki ne cikin kayan aiki da Baba ya rataye a shago tsakanin agogunan bango, wanda yake gogewa da hannun riga duk safiya. To hoto ba ya ba mutum ruwa. Ni an hana ni shiga, ke Allah ya buɗe miki ƙofa, kina wasa da ita.

Gobe da safe ki buɗe baki ki ce "Baba." Kalma ɗaya ce, ba hawan dutse ba. In kin ƙi, wallahi zan ba direban nan takarda ya kai masa da kansa.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki hankali.

Yaya

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Faɗanki ya iso, kuma na cancanci fiye da haka.

Wallahi na gwada. Na tura keke na taka masa birki a gefen gadonsa, kalmar tana kan harshena. Sai na tarar yana hira da maƙwabcin gadonsa, wani tsohon direban tirela mai yawan surutu. Tsohon yana mita, wai wannan mai abincin rowa gare ta, ba ta taɓa cika wa mutum kofi ba. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya nuna taga ya ce, "Ka ga jiragen can? 'Yata a cikinsu take aiki. Ba ƙasar da ba ta taka ba. Tun tana ƙarama nake kiranta Balbela, ashe bakina ne ya bi ta."

Tsohon ya ce, "To ina take yanzu, ga ka a kwance?"

Baba ya ce, "Tana bakin aikinta. Ba ta wasa da aiki."

Yaya, ta yaya zan tsaya a gaban mutumin nan in ce ga ni, ni ce mai kwashe kwanuka? In mayar da shi maƙaryaci a gaban baƙo, yana kwance ba ƙarfi? Gilashina ya cika da hawaye, ba damar sharewa. Na ajiye masa shayi na ja kekena kamar ɓarauniya.

Ga abin da ya fi tayar min da hankali. Numfashinsa ya ƙara nauyi. Na ji likita tana gaya wa nas cewa gobe da hantsi za a mayar da shi ɗakin ciki, inda ake sa wa mutane iska. Masu abinci ba sa shiga can. Waɗansu suna fitowa, waɗansu ba sa fitowa. Shayin safe ne kawai ya rage min.

Da na zo kwashe kwanuka ya roƙi nas biro. Na ga yana rubutu a bayan takardar da muke shimfiɗawa a kan faranti. Ya ninke ya tura ƙarƙashin kofi, ya rufe ido. Ina jin ke ya rubuta wa. An ce sai an yi mata feshi ta bushe kafin a taɓa. Zan haɗa miki da ita in direba zai tafi.

Ki yi min addu'a, zuciyata ba ta da ƙashi.

Ƙanwarki,
Balbela

*

Zuwa ga mai raba abinci,

Assalamu alaikum, Balbela.

Tun ranar farko na gane ki. Duk duniya wa ke zuba shayi rabin kofi, ya tallafe gindinsa da hannu, don kada jirgi ya girgiza ya zube wa mutum a cinya? Ke kika yi min wannan bayanin a shago, ranar da na ce miki marowaciya.

Sallamarku kuwa a rediyo na ji, tun ranar da aka yi ta. Na tambaye ki daga wace ƙasa don in sa ki dariya, sai kika amsa da gaske. Na ji nauyin in tona ki, na yi ta biye miki. Ni na ɗora miki kayan nan da hotona da surutuna. Ki yafe wa tsoho.

Abin da na gaya wa mai tirela gaskiya ne. Kina bakin aikinki.

Gobe kafin su tura ni ciki, ki cika min kofin. A ƙasa muke, ba abin da zai girgiza. Kuma ki yi magana, 'yata. Muryarki nake so in shiga da ita.

Babanki