Numfashin Baba

Daren Laraba, Kontagora

Yau aka kwantar da Baba a asibiti. Tare muka kamu da korona. Ni ɗan zazzaɓi da tari na yi na miƙe, shi kuwa ko alwala ya yi sai ya zauna yana haki. Likita ta ce tsufa da ciwon suga da hawan jini ne suka sa cutar ta yi masa tsanani.

Ta taga kawai aka bari na gan shi. Ya ɗaga robar iskar da ke fuskarsa da ƙyar, ya ce, "Hadiza, kin ci abinci kuwa?"

Na ce na ci. Har yanzu tuwon yana rufe, na kasa taɓawa. Allah Ka tashi kafaɗunsa.