Dozin Ƙwai Zuwa Segovia

Madrid, 20 ga Afrilu, 1986

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Casilda,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Fermín da yara da jikoki. Yaya ƙafar? Yaya kuma sanyin Wollongong, tunda ku a Ostareliya komai naku a juye yake, mu muna naɗe bargo ku kuna zaro shi? Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Nemi kujera ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma kada ki karanta wa Fermín.

Kin tuna Evaristo mai aski, na ƙasan benenmu? Shi ne wanda ya riƙa hawowa kowace Asabar yana yi wa mijina Ramiro gyaran fuska lokacin da ciwo ya kwantar da shi, har Allah ya yi masa rasuwa. To, makon jiya ya tare ni a matakala ina ɗauke da kwandon cefane. Ya cire hula, ya ce, "Herminia, na rufe shago. 'Yata tana so in koma wurinta Alicante ƙarshen Mayu, in zauna ina kallon teku kamar tsohon kwalekwale. In akwai abin da zai tsayar da ni a gidan nan, ke ce za ki faɗa. Sau ɗaya zan tambaya, don ni ban iya naci ba."

Kin san abin da ƙanwarki ta ce masa? Na ce albasa ta yi tsada. Na haye sama, na rufe ƙofa, na jingina da ita. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, da baƙaƙen kayan takaba da har yau ban cire ba!

Ina son mutumin nan, Yaya. Ga shi na rubuta, kuma takardar ba ta kama da wuta ba. Amma da na buɗe baki zan faɗa masa, sai in ji kamar Ramiro yana ɗakin baya yana karanta jarida, zai ji ni.

Ana cikin haka ƙungiyar 'yan fansho ta unguwa ta shirya yawon yini guda ran Asabar mai zuwa, Ávila da safe, Segovia da yamma, da bas da ɗan jagora da abincin rana. Maƙwabciyata Pura, wadda bakinta ba shi da linzami, ta rubuta sunana ba ta ko tambaye ni ba. Evaristo ma zai je. Segovia fa, Yaya. Can Ramiro ya yi aikin soja, kuma tun muna ango da amarya yake cewa, "Baɗi zan kai ki." Baɗin ba ta zo ba.

Tun ranar nake tuna bikina. Inna ta yi ta tara ƙwai don mu kai wa sistocin Santa Clara masu kulle, kamar yadda kowace amarya take yi, su roƙa mana kada a yi ruwa ranar biki. Sai Baba ya kwanta rashin lafiya, aka dafa masa su ɗaya bayan ɗaya. Aka kuwa tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. A ƙofar coci Ramiro ya cire kwat ya lulluɓe ni yana dariya, yana cewa sama ma ta zo cin biki.

Jiya na sayi dozin ƙwai. Babu wanda zai ga mace ta miƙa wa sistocin nan ƙwai ya tambayi ma'anarsa. Abin da baki ya kasa, wataƙila hannu ya iya.

Ki gaishe da kowa da kowa. Ki sa ni a addu'a, kada ki yi mini dariya.

Ƙanwarki,
Herminia

Madrid, 28 ga Afrilu, 1986

Yayata Casilda,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma tambayar lafiyarki da ta Fermín da yara. Na san wasiƙar farko ba ta ma iso gare ki ba, amma in ban rubuta wannan ba cikina zai fashe.

Mun tashi da sassafe. Na naɗe ƙwan ɗaya-ɗaya da jarida, na jera su a jakar hannu, na rungume ta a cinya. Pura ta zauna kusa da ni, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke kuwa me kike rungumewa haka kamar jinjiri? Ko gwal ɗin gado ne?" Na ce mata magunguna ne. Evaristo yana kujerar bayanmu, ƙamshin man askinsa yana zuwa mini duk lokacin da bas ta sha kwana.

Ɗan jagoranmu wani Don Olegario ne, mai tumbi da jar lema, kuma tun kafin mu fita Madrid ya fara jero sarakuna. Ban riƙe ko ɗaya ba. Da muka haura duwatsu hazo ya rufe mu, bas tana tafiya kamar a cikin auduga, har masu surutu suka yi shiru. Can sai hazon ya yage, ga ganuwar Ávila tsaye ita kaɗai a sarari, rana ta shafa mata zuma, ƙasanta kuwa babu komai sai fari. Na rasa ko barci nake ko ido biyu. Shamuwa sun yi sheƙa a kan kowace hasumiya, suna ta ƙwanƙwasa baki. Wata ta tsaya da ƙafa ɗaya tana kallona, wallahi kamar ta san abin da ke jakata.

A Ávila na yi niyyar kai ƙwan. Mun wuce ta wata unguwa, Don Olegario ya nuna da lema ya ce gidan sistoci yana can gangare. Evaristo yana gefena, ya karɓi kwat ɗina ya riƙe mini don rana ta fara zafi. Abin da ya rage kawai in ce, "Raka ni." Ƙafata ta ƙi. Jar lema ta yi gaba, na bi ta kamar tunkiya. Shi kuwa ya sayo mini alewar gwaiduwar ƙwai ta garin, ya miƙo ya ce, "Ci, ko bakinki zai buɗe." Na ci. Bai buɗe ba.

A Segovia aka ba mu manyan waken nan nasu da gasasshen ɗan rago. Na tashi wanke hannu, na bar jaka a kan kujera. Ki riƙe wannan, zai dawo.

Bayan abinci aka kai mu gindin gadar ruwan Rumawa. Yaya, Ramiro maƙaryaci ne! Shekara da shekaru yana gaya mini ya taɓa takawa ta samanta daga wannan baki zuwa wancan, da bindiga a kafaɗa. Mutumin da ko kujera ya hau zai canja ƙwan fitila sai na riƙe masa ƙafa! Na ɗaga kai na ga tsayinta, tsuntsaye suna ratsa ƙofofinta, na fashe da dariya ni kaɗai har da hawaye. Tun rasuwarsa ban taɓa yi masa dariya ba, kuka kawai nake yi masa. Sai na ji wani abu ya kwance a ƙirjina.

Don Olegario ya ba mu awa guda kowa ya yi abin gabansa. Na sulale. Na ce a raina bari in kai ƙwan ni kaɗai, in mun hau bas in ce wa Evaristo, "Na kai ƙwai." Wannan ya fi "na yarda" sauƙin faɗa.

Garin duk yana barcin rana. Tagogi a rufe, lunguna ba kowa, sai ƙarar takalmina da wata rediyo can nesa. A kowace kwana sai in ga kamar wani saurayin soja mai manyan kunnuwa ya sha gabana, in na isa babu kowa. Ban ji tsoro ba. Na yi ta binsa a hankali, muna gangarawa, kamar dai ga baɗin ta zo kuma yana nuna mini garinsa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Wata tsohuwa mai ban ruwan furanni ce ta nuna mini ƙofar sistocin.

Zauren da sanyi da duhu, yana ƙamshin kyandir da sabulu. Ga akwatin katakon nan mai juyawa a jikin bango, wanda kike ɗora kayanki ki juya ba ki ga fuskar kowa ba. Na ja igiyar ƙararrawa. Can na ji jan silifa, wata tsohuwar murya ta yi gaisuwar Maryamu Mai Tsarki, na amsa. Na jera ƙwan na juya.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe ba haka ba ne. Muryar ta ce, "Sunan amarya, 'yata?"

Na ce ƙasa-ƙasa, "Herminia."

"Me? Ɗaga murya, kunnen nan ya daɗe da ritaya."

Na ɗaga. Ta ce, "Jikarki ce?" Na ce ni ce. Ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Madalla, ba a makara. Ango fa? Ba ma addu'a da rabin suna."

Na faɗa. Ba ta ji ba. Na sake, ta ce wai Ernesto? Haushi ya kama ni, na dafa katakon da hannu biyu na ƙwala, "Evaristo! Evaristo Cuéllar, mai aski!" Zauren ya amsa, har wata tattabara ta tashi.

Ta ce, "To, ai ba kurma ba ce ni. Wace rana?"

Ni kuwa ba ni da rana. Sai na ji murya daga bayana, a natse kamar yana tambayar mutum a rage gefe ko a bari: "Ki ce mata Asabar ɗin farko ta Yuni."

Na juya. Yaya, mutanen bas ɗinmu ne kaf a bakin ƙofa! Na wuce lokaci da nisa, Don Olegario ya ƙirga kawuna ya ga babu ɗaya, zai kira 'yan sanda, Pura ta ce, "Ajiye lemarka, malam, na san inda take. Na leƙa jakar." Ta jawo su duka har zauren. Ga ta nan a gaba tana share ido da gefen gyale, tana cewa, "Magunguna! Munafuka, magunguna!" Evaristo yana tsaye da hula a hannu ɗaya, kwat ɗina a ɗayan, kunnuwansa sun yi ja. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Sista ta ce, "Wa ke magana?" Ya matso ya ce, "Angon ne, Uwa." Ta ce, "To ango, ka sani ƙwai goma sha ɗaya ne lafiyayyu, ɗaya ya fashe a hanya. In an ɗan yi yayyafi, kada ku zo ku yi kuka da mu."

A hanyar dawowa Pura ta koma baya da kanta ta bar masa kujera. Ya zauna kusa da ni. Aka yi ta waƙa, duwatsu suka yi shuɗi, na yi barci a kafaɗarsa har Madrid.

Alicante sai dai ta yi haƙuri. Ki aiko mini da mayafin Inna in yana wurinki. Gaisuwa ga kowa.

Taki har kullum,
Herminia

Madrid, 10 ga Yuni, 1986

Yaya Casilda,

Ina gaisuwa, ina fata ƙafar ta yi sauƙi kuma sanyi bai matsa muku ba. Mayafi ya iso ana jibi biki, na gode. Na gode kuma da zagin da kika cika shafi biyu da shi, na san na ƙauna ne.

An ɗaura. Na sa riga ruwan toka, don daga baƙi zuwa fari tafiya ce mai nisa. 'Yar Evaristo ta zo daga Alicante tana cin magani, ta koma tana kirana Inna. Pura ta gayyato Don Olegario, ya zo da jar lemarsa, ya ba mu ita kyauta.

Sistoci sun yi aikinsu. Tun safe sama wasai, ko ɗigon gajimare babu. Pura tana ta cewa ƙwai goma sha ɗaya ma sun isa. Muka fito ƙofar coci, ana watsa mana shinkafa, sai ga wani ɗan gajimare shi kaɗai, ban san daga ina ba. Ya tsaya a kanmu ya fara yayyafi siriri, rana kuwa tana nan ba ta gusa ba. Mutane suka ruga ƙarƙashin rumfa suna dariya, suna cewa ga ruwan ƙwai ɗaya.

Ni na tsaya a wurin. Na ji ɗigon a goshina, mai ɗumi, na kuma ji dariyar nan da na sani, mai cewa sama ma ta zo cin biki. Evaristo ya buɗe jar lema zai rufe ni. Na ce, "Dakata kaɗan." Ban yi masa bayani ba, ban taɓa ba shi labarin ba. Amma shi ne ya riƙa aske Ramiro duk Asabar, kuma kin san Ramiro ba ya rufe baki ko da aska a wuyansa.

Ya dubi sama, ya naɗe lemar, ya cire hula. Ya ce, "Sannu da zuwa, Ramiro." Muka tsaya mu biyu a cikin ruwan har ya ɗauke.

Mayafin Inna ya jiƙe, na shanya shi a taga. Zan dawo miki da shi in ya bushe.

Ƙanwarki amarya,
Herminia